Ranar da Jirgi Ya Tafi da Ni da Kajin Inna Kulu

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi tafiyar ruwa ba shiri ba. Har yau in hadari ya haɗo, sai in leƙa bayan gida.

Daminar farko ce bayan cikar tafkin Kainji. Ina gama sakandare aka ɗauke ni ƙaramar malamar gona, aka tura ni wani sabon ƙauye kusa da Wara, inda aka zaunar da mutanen da ruwa ya cinye tsibirinsu. Aikina koya wa mata kiwon kajin gidan gona. Ka'idar ita ce a fara da gida ɗaya. In kajin suka fita damina lafiya, sai a raba wa sauran matan. Babban malaminmu ya gargaɗe ni: "Malama Hajara, danshi ke kashe su. In suka mutu, ƙauyen ya rasa rabonsa."

Gidan gwajin na wata dattijuwa ne, Inna Kulu. Muka ɗaga daɓen akurkin da yashi, muka shimfiɗa ɓuntun shinkafa, muka haƙa magudana. Sai dai rufin sababbin gidajen kaf bayan gida yake zuba ruwa, bayan gidan kuma gangare ne zuwa tafki. Can gefe ga tsohon kwale-kwalen Inna da ta taho da shi daga tsibiri.

Ranar, bayan la'asar, ruwa ya kece har magudanar ta cika ta tumbatsa. Inna ta ce, "A tsibiri, in ruwa ya taso, jirgi muke sa kaji." Muka kwashe su muka zuba cikin kwale-kwalen, muka rufa musu tabarma, na shiga na danne ta. Sai ruwa ya ka da dangar bayan gida, na ji jirgi ya ɗaga.

'Yan'uwa, ni 'yar cikin garin Yelwa ce, ban iya iyo ba. Jirgi na gangarawa, ina salati, kaza ɗaya ta haye kaina. Inna na biye da gudu tana ihu, "Riƙe kajin, ɗiyata!"

"Inna, ni wa za ya riƙe ni?"

Wata bishiyar ƙirya da tafki ya shanye rabinta ce ta tare mu. Inna ta shiga ruwa har ƙirji ta jawo mu, tana dariya. Ko kaza ɗaya ba ta jiƙe kamar ni ba.

Haƙorana na kaɗawa na ce, "Mi ya hana ki ɗaure shi?"

"Ɗiyata, wa ya taɓa ɗaure jirgi bisa tudu?"

Kajin sun fita damina, matan sun samu rabonsu. Abin da na koya shi ne, dabarar mutane ba abar yarwa ba ce, amma in ta sauya gari sai an sake dubanta. Yanzu in ina koyarwa nakan ce: yashi, ɓuntu, magudana. Mai jirgi kuma ta nuna mini igiya kafin in zauna.