Malam Gide, Wanda Ya Hana a Wanke Muryar Goggo Mero

Idan kana son sanin ƙarfe bakwai ta yi a layin bayan tasha a nan Ƙanƙara, ba sai ka duba agogo ba. Ka kasa kunne kawai. Za ka ji ƙofar kwano ta yi ƙara, sai tari ɗaya, sai Bismillah. To Malam Gide Mai Rediyo ya iso ke nan. Zai jingine kekensa jikin dalbejiya, ya yayyafa ruwa ya share ƙofar shago, ya goge farantin sola da tsumman da ya ɗaure a bakin gora. Daga nan ya jera kayan aikinsa a tebur yadda wanzami ke jera asake, kowane da mazauninsa. Amma ko gwamna ne ya kawo gyara, sai ya jira Malam ya gama shan kokonsa.

Shekara talatin da uku ke nan yana wannan sana'a. Da rediyo ya fara, lokacin yana ɗaura akwatin kayan aiki a bayan keke yana bin kasuwannin Faskari da Sabuwa, har ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Kaset ya zo ya koya, bidiyo ta zo ya koya, wayar hannu ta zo ya ƙaro tabarau. Yau kwamfutoci ne jibge a shagon, amma sunan Mai Rediyo ya ƙi barinsa, shi ma bai kore shi ba.

Kowa da irin shaidar da yake ba shi. Wani makiyayi daga Ruwan Godiya har gobe yana ba da labarin rediyonsa da aka ce ta mutu murus, Malam ya kankare tsatsar mazaunin batir da bakin wuƙa ta kama magana. Wani hedimasta daga Faskari ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, Malam bai taɓa kwamfutar ba sai da ya yi masa tambayoyi kamar alƙali. Haka yake. Kafin ya ɗauki sukundireba sai ya ce, "Yaushe ta fara? Mi aka yi mata kafin ta fara?" Yakan ce na'ura ba ta ƙarya, masu ita ne ke ɓoye rabin zance.

Ni kuwa tawa shaidar da idona na gani, kuma ita ta sa na ɗauki biro.

Ina da jika, Suwaibatu, ɗiyar ɗiyata, malamar firamare ce. Allah Ya jarrabe ta da son maganar tsofaffi. Shekara uku, duk hutu, sai ta ɗauki waya ta bi gidaje tana ɗaukar muryoyin tsofaffin mata: waƙoƙin daɓe, na niƙa, na reno, da tatsuniyoyin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. A cikinsu babu kamar Goggo Mero ta Damari, tsohuwar da in ta buɗe baki sai mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Bara Allah Ya yi wa Goggo Mero rasuwa. Ko hoto ba ta bari ba, don ba ta yarda a ɗauke ta. Muryar nan da ke wurin Suwaibatu ita ce kaɗai abin da ya rage. 'Ya'yanta mata suka aiko cewa ranar Asabar suna tafe daga Damari, duk da halin da hanya take ciki, su dai su ji uwarsu ta sake magana.

Ana saura sati, kwamfutar Suwaibatu, inda take zuba muryoyin, ta cika maƙil. Sai ga Mas'udu, ɗan ɗana, wato taubashinta, wanda ni nake kira maigidana ko da yake ko goro bai taɓa saya mini ba. Ya shigo da wani ƙarfe kamar sabulun wanki a leda, ya ce zai ƙara mata hadis.

Na ce, "Masha Allah, ita ma kwamfutar an sa ta Islamiyya ke nan?"

Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe ba hadisin da na sani ba ne. Wai wani ma'aji ne da ake ajiye abubuwa a cikin kwamfuta, sunan ne ya zo kusa. Mas'udu ya kwance ta, ya ɗaura na biyu kusa da na farko, ya danne murfi da gwiwa ya ɗaure. Suwaibatu ta kwashe muryoyin nan kakaf ta mayar cikin sabon, don tsohon ya sami numfashi. A waya kuwa tuni ta goge su.

Washegari kwamfuta ta zama hawainiya. A kunna ta, sai a ɗora ruwan zafi ya tafasa ba ta gama farkawa ba. A taɓa sunan Goggo Mero, sai wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa, yana ta juyawa, babu murya babu dalilinta. Har rubutun makaranta da ba ruwansa da sabon ma'aji, shi ma ya koma tafiyar kunkuru.

Mas'udu ya ce, "Bairos ne, cutar kwamfuta. A wanke sabon kawai, fes zai koma."

Ni da na ji wanki sai na ce to ai da sauƙi, ga omo nan. Suwaibatu ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kaka, wankin nasu sharewa ne. Duk abin da ke ciki tafiya zai yi." Nan na gane ashe Goggo Mero ake shirin binnewa karo na biyu. Na ce a ɗauko mini mayafina.

Ranar Alhamis da hantsi muka sauke kwamfuta daga Keke Napep a ƙofar Malam Gide. Bayan gaisuwa ya gyara tabarau ya ce, "To, mi aka yi mata kafin ta fara?"

Mas'udu ya ce, "Ba a yi mata komai ba, Baba."

Suwaibatu ta ce, "Ƙarya yake, Baba. Wanga injiniyan gidan namu ne ya buɗe mata ciki."

"Ke, baiwata," in ji Mas'udu, "da ubangidanki kike?"

"Ubangidan da ke rufe murfi da gwiwa?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Da gwiwa? To madalla, mun fara jin rabin da aka ɓoye." Ya tambayi abin da ke cikin sabon ma'ajin, aka faɗa masa. Ya tambaya ko akwai shi a wani wuri, aka ce babu. Sai fara'ar ta ɗan janye daga fuskarsa. Ya juya ga Mas'udu ya ce, "Ɗana, ba a wanke rumbu da hatsi a ciki. Daga yau kar in ƙara jin kalmar nan a bakinka sai ka tambayi mi ke ciki."

Ya kashe ta, ya kwance murfi, ya zare igiyoyin sabon ma'ajin, ya kunna ta da tsohon kaɗai. Kafin in gyara zama a benci ta farka tsaf, tana ta rawar jiki kamar amarya. Ya ce, "Kun gani? Uwar gida lafiyarta lau. Daga wajen baƙo matsalar take. Saura mu san shi baƙon ne ba lafiya, ko hanyar ɗakinsa ce ta lalace."

Na ce, "Malam, yi mini da Hausa."

Ya ce, "Hajiya, da Hausa nake yi. Ki ɗauka mace ce mai rumbu ɗaya, aka gina mata na biyu. Ita kuwa al'adarta, ba ta ɗora tukunya sai ta leƙa kowane rumbu. In hanyar sabon duk ƙaya ce, ta taka ta dawo, ta taka ta dawo, wa zai ci tuwo da wuri a gidan?"

Na ce, "Ko maigida sai ya yi hamma."

Sai ya yi abin da ba zan manta ba. Ya mayar da igiyoyin, ya kunna, ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗora bakin sukundireba a bayan ƙarfen nan, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar ungozoma tana sauraren ciki. Ya ce in ma'aji ya kusa mutuwa ƙwas-ƙwas yake yi kamar kaza na tsattsaga. Suwaibatu ta kama hannuna. Mai shayin da ke kusa ma ya rage muryar rediyonsa. Can Malam ya buɗe ido.

"Wanga lafiya yake numfashi. Ba shi ba ne."

Ya bi wata siririyar jar igiya da yatsa, wadda ta haɗa ma'ajin da cikin kwamfutar, ya zaro ta ya ɗaga a rana. Ga ta nan ta lanƙwashe ta tsage daidai inda murfi ya datse ta. Ya ce, "Ina ka samo ta?" Mas'udu ya sosa ƙeya ya ce a jikin wata matacciyar kwamfuta ya cire. Suwaibatu ta ce, "Ka ji, Baba, har da kayan gawa." Malam ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sabuwa, ya sa ta a hankali, ya kwantar da ita inda murfi ba zai taɓa ta ba.

Kwamfuta ta tashi kamar an tsikare ta. Suwaibatu ta kai hannu za ta kunna murya, ya ce a'a, tukuna. Sai da ya kwafe muryoyin nan duka ya zuba a wani ma'ajin daban, ya danƙa mata a hannu, ya ce ta ajiye shi a ɗakin da ba na kwamfutar ba. "Iri ba a ajiye shi wuri ɗaya," in ji shi. Sannan ya ce, "To, bisimilla."

Ta danna na farkon da hannunta ya faɗa. Jama'a, sai ga Goggo Mero a shagon Malam Gide, da 'yar shaƙewar muryar nan tata da dariyarta. Ba ta ma fara waƙar ba, gardama take yi da Suwaibatu:

"Ke 'yar nan, kin tabbata abin ga ba shi mutuwa da maganata a ciki? To in ya mutu kar ki ba kowa. Ki kai ma Gide mai rediyo na Ƙanƙara. Shi ya tashi rediyon maigidana tun kina goye. Yaron ga ba shi jefar da abin mutane."

Dariya ta ɓarke a shago har mai shayi ya leƙo. Malam Gide, da furfurarsa da jikokinsa, an kira shi yaro a gaban jama'a. Ya cire tabarau yana dariya yana goge ido da hannun riga. Ya ce, "Allahu Akbar. Na tuna rediyon. Mai baƙar riga ce, eriyarta a ɗaure da zare. Allah Ya jiƙan Goggo."

Malam Gide, kai ne mai sauraro kafin taɓawa. Kai ne ka san cewa abin da ake kawo maka a leda da kwali ba ƙarfe ba ne kawai, wani lokacin uwar wani ce a ciki. Shekara talatin da uku babu wanda ya rataya maka lambar yabo, sai ga shi wadda ke kabari ta ba ka taka, mu kuma muna shaida.

Ranar Asabar 'ya'yan Goggo Mero suka iso. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidana, aka kunna musu uwarsu. Sun yi kuka kaɗan, sun yi dariya da yawa, da aka zo waƙar daɓe kuwa babbarsu ta miƙe tana amshi, muka tafa mata har la'asar. Mas'udu ne ya riƙa zuba musu ruwa, kuma an ce yanzu duk wanda ya ce masa a wanke, sai ya ce, "Mi ke ciki?"

Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara wa idon nan haske, Ya bar maka kunnen nan naka, Ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu gyara, na waya da na mota da na zumunci, ku je ku zauna a bencin nan ku ga yadda ake yi. Ku tambaya kafin ku kwance, ku saurara kafin ku share. In kun je da sassafe dai, ku bari ya gama shan kokonsa.