Kwamfutar Kawu Ta Ƙi Tashi

Jiya muna kwashe kaya daga unguwar Rusaifa na ci karo da tsohuwar kwamfutar marigayi Kawu, tabon kofin shayinsa na nan a samanta.

Gyaran kwamfuta ce sana'arsa, hutunsa kuwa wasannin kwamfutar nan na labari, inda kai ne jarumin. A wasan ba ya zare takobi sai ya saurari kowa. Wata la'asar ina kallonsa yana wasa na gaji, na ce, "Kawu, yalla, yi sauri, sare ɗan fashin nan mana!"

Ya ce, "Ɗiyata, bari in ji abin da ya fito da shi. A da, kamfanonin wasa sukan bar maka zaɓi. Yanzu babba ɗaya ya koma yin wasan sara da gudu, sauran duk sun bi shi."

Da na ɗauko kwamfutar na jona ta da wuta, ta yi ƙara, ta ɗauke. Masu gyara biyu sun ce halas, ta mutu. Wanda zai iya tashinta kuwa yana kabari, jaruminsa na cikin kwamfutar yana jiransa.

Ya Allah, bai taɓa gaggawar hukunta kowa ba. Ka sassauta masa.