Kalma Uku Don Ɗiyar Bello

Shekarar da ruwa ya cinye gonakin fadama, ya bar mu ba albasa ko ta miya, ita ce shekarar da kakarmu Inna Hajo ta dawo gidanmu a Sabiyal. Bayan isha'i takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ni da ƙanena Bello mu raɓa kusa da ita muna rigimar wurin zama.

"Kai wanga yaro, matsa ma yayanka. Ga ta nan, ku buɗe kunne."

Ta ba mu labarin wani manomi da ɗiyarsa ta yi aure a ƙetaren gulbi. Duk sanda aka ce ya je ya gano ta, sai ya ce, "Zan tafi in na gama dashe." In dashe ya ƙare sai ban ruwa, sai cira, sai kai kaya kasuwa. Ranar da ya tashi tafiya, ciyawa ta rufe hanya. Da ƙyar ya isa, ya tarar ɗiyar ta rasu, jikokinsa suna wasa a tsakar gida. Ya kira su, suka amsa da wani yare, suka ɓuya bayan rumbu.

"Sai ya yi yaya, Inna?" in ji Bello.

"Mi zai yi? Ya zauna zaure, aka kawo mai ruwa kamar baƙo."

Muka yi wa mutumin dariya.

Da Bello ya girma ya tafi Sifaniya aikin gonar tumatir. Ya auri 'yar can, suka haifi Amina. In ya kira ni yakan ce, "Yaya, ga ɗiyarka, ku gaisa, ni zan fassara." Ni kuwa kullum ina gona ko ina kasuwar Jega. Sai in ce, "Bari ta ƙara wayo, za mu yi magana."

Bara, Amina na da shekara tara, Bello ya faɗi a wurin aiki, bai tashi ba. A can aka rufe shi.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Aliero. Na roƙi malaminmu, ya duba wayarsa, ya rubuta mini a littafina da yaren Sifaniya: hablaré, zan yi magana, hablarás, za ki yi magana, hablaremos, za mu yi magana. Sati uku ina kwafa ina maimaitawa. Ina kallon rubutun sai na ga ashe abin da na daɗe ina faɗa wa Bello ke nan, na sake koyonsa da yaren wasu.

Ranar Juma'a na kira, uwar Amina ta miƙa mata waya. Na ce, "Amina, hablaremos."  Sai ta fara magana da sauri, ta daɗe tana yi. Kalma ɗaya na gane: papá, wato baba.

Na rasa ƙane ɗaya, da shekara tara da zai tsaya mana tafinta, da duk abin da yarinyar nan ta gaya mini a kan ubanta.