Ƙafata da Tsofaffin Lakwaja

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Wata biyar na yi a waje, na dawo da rama da tabo a idon sawu. Ni Mati ne, manomi a Dayi, karatuna bai wuce izu uku ba, wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri. Na rubuta ne don mutane sun ishe ni da tambayar yadda na yi wata biyu a gidan Nasara na fito da sallata.

Dayi zuwa Zariya

Mun tashi ran Asabar bayan sallar asuba, an gama sussuka. Ayarin Madugu Tanko ne, jakuna arba'in, nawa ɗaya, ɗauke da taba da kanwa. Kande matata ta rako ni har ƙofar gida. 'Ya'yanmu duk mata ne, ba namiji ko ɗaya.

Ta ce, "Maigida, ka dai dawo kafin ruwan shuka. Ba ni da wanda zai riƙe mini sungumi."

Na ce ta daina mita, goro kawai zan sayo in juyo.

Da azahar muka shiga Malumfashi, muka kwana. Daga nan Bakori, sai Funtuwa, sai Maska. Ba mu taɓa sauka a fili ba, sai cikin ganuwa, don tsoron mahara. Ran kwana na shida da la'asar muka ga ƙofar Zariya.

Zariya zuwa Loko

Kwana ashirin. Duk kogin da muka zo sai an biya fito, duk garin da muka ratsa sai Madugu ya kai gaisuwa. A Keffi muka bar jakunan wurin fatoma, mai masaukin fatake, don ƙudan kudu yana kashe su, muka ɗora kaya a ka. Tuwon dawa ya ƙare, sai doya safe da yamma.

A Keffin ne na fara jin ƙaiƙayi a idon sawuna na dama, ƙurji ya fito. A Loko muka shiga kwalekwale, kwana huɗu a kan ruwa. Ran na biyu ƙurjin ya fashe, kan kurkunu ya leƙo, fari kamar zaren kaɗi.

Lakwaja

Kowa ya san yadda ake yi da kurkunu. Ana naɗe shi a tsinke, kullum kaɗan, har ya fita da kansa. Ni ma na sani. Amma Madugu ya ce kwana goma zai yi ya juya, ran na takwas kuwa abin bai fito ko rabi ba. Na zauna bayan masauki na ja shi da ƙarfi. Ya tsinke a ciki.

Kafin kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Madugu ya dube ni ya ce, "Mati, da hannunka ka yi wa kanka. Ba zan tsare mutum talatin don ƙafa ɗaya ba. Kayanka zan kai wa Kande." Ban ga laifinsa ba. Wanzamin da aka kira ya taɓa, ya girgiza kai, ya ce in ta yi baƙi sai yankewa. Manomi mai ƙafa ɗaya, na ce a raina, gara a binne ni a nan.

Ran da ayari ya tafi, wata tsohuwa mai kwandon alayyafo ta tsaya a kaina a bakin kasuwa. Ta buɗe tsumman da na ɗaure ƙafar, ta ja tsaki, ta sa ƙarti biyu suka ɗauke ni. Sai da na farfaɗo na san gidan Nasara aka kawo ni.

Gidan Baba Yohana

Baƙaƙe ne kamar mu. Baba Yohana ya ba saba'in baya, matarsa Iya Saratu, mai kwandon alayyafon nan, ba ta kai shi da yawa ba. Daga wata ƙasa suka zo mai suna Saliyo, can bakin teku, inda suka baro 'ya'ya da jikoki don su yi wa'azin addininsu. Shekararsu tara a garin. Hausarsa ta fatake ce, tata kuwa guntu-guntu, amma ta ishe ta yin faɗa.

Kwana biyu ban ci abincinsu ba. Ran na uku Iya ta aika aka kira mahauci Musulmi, ya yanka kaza a gabana, ta dafa a sabuwar tukunya, ta dire mini.

Ta ce, "Ɗana, yanzu kuma mene ne? Ko ita kazar ma Nasara ce?"

Na ci. Baba ya kawo buta ya ajiye, ya nuna mini gabas da sandarsa.

Ga yadda yininsu yake. Da asuba Baba zai buga wani guntun ƙarfe da ke rataye a bishiyar tsamiya, mutanensu su taru a rumfa su yi waƙa. Da hantsi Iya ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi da gishiri, ta matse mugunya, ina ihu tana ce mini ragon namiji. Bayan ni akwai layin masu gyambo da masu ciwon ido. Da azahar ta koya wa mata ɗinki. Da la'asar ta shiga lambunta. Madubin ido guda ɗaya gare su, kullum sai sun yi cacar baki a kansa, ita tana son zura allura, shi yana son karatu. In jirgin hayaƙi ya yi kuka a kogi, sai ta ajiye ko me take yi ta gangara bakin ruwa, ko 'yarta ta aiko da takarda. Sau uku na ga ta tafi, sau ɗaya ta dawo da ita. Sauran biyun ta wuce lambu, Baba ya bi ta da madubin ya miƙa mata.

Kumburi ya saɓe bayan kwana ashirin, sai ga wani kurkunun ya leƙo kusa da na farko. Iya ta naɗe kansa a tsinke, kullum tsawon gaɓar yatsa, ba ta ƙarawa. In ta gama sai ta ɗaure tsumma da wani ƙulli nata wanda ban iya ba.

Ta ce, "In ka taɓa zan sani."

Shi Baba yana da wani babban littafi da yake tara kalmomin Hausa. Ya san duk maganar ciniki, ta gona ce bai sani ba. Kullum da yamma ya zauna kusa da tabarmata.

"Mati, bayan shuka sai me?"

"Sai firi, Baba. Noman farko ke nan. Sai maimai, sai huɗa."

"Da me ake rufe ramin shuka?"

"Da diddige. Mai sungumi yana gaba yana sara, mai iri yana biye, ya zuba ya take."

Ya dubi ƙafata, ya rubuta.

Sau ɗaya ya yi mini wa'azinsu, mai tsawo. Na bari ya gama na ce, "Baba, ka ci da ni, ka shayar da ni, amma addinina ba zan bari ba." Ya ce shi nasa ya faɗa ne, ya kuwa faɗa. Ya ce shekara tara, waɗanda suka bi su ba su cika tabarma biyu ba. Iya daga bakin murhu ta ce ɗaya da rabi, ya daina ƙari. Washegari aka gasa mini ƙafa kamar kullum.

Sai ruwa ya sauka a Lakwaja. Da na ji ƙanshin ƙasa hankalina ya tashi, na ga Kande tsaye a gona ita kaɗai. Na kai hannu kan ƙullin nan. Baba ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Shekara tara ina tambayar fatake. Ruwa nan yake farawa, sai ya yi wata ɗaya da wani abu kafin ya kai ƙasarku. A ƙafa yake tafiya kamar kai. In ka ja, shi zai isa, kai ba za ka isa ba."

Na janye hannuna. Kwana tara bayan haka wutsiyar kurkunun ta fito, Iya ta ɗaga tsinken tana nuna wa masu gyambo kamar ta kama kifi.

Komowa

Baba ya samo mini wuri a kwalekwalen wasu Zazzagawa. A bakin ruwa ya ba ni sandarsa mai ƙarfe a gindi. Na ce shi fa? Ya ce zai dogara da Iya, dama ita ke jansa. Iya ta ba ni ƙullin gishiri da tsumma mai tsabta, ta ce kada in sha ruwan tafki sai na tace. Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi kada in ɓata mata aiki.

Kwana bakwai muka yi muna hawan ruwa zuwa Loko. A Keffi na tarar da jakina ya yi ƙiba, ya fi ni jin daɗin tafiyar. Ruwa ya dake mu a can, ya sake dukanmu kwana biyu kafin Zariya. A Maska ƙasa busasshiya ce, na ji sanyi a raina. A Funtuwa hadari ya biyo mu. A Malumfashi ya sauka kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har magariba.

Na shiga Dayi ran Talata da la'asar, ƙasa jiƙe. Kande tana tsakar gida ta baza irin gero a faifai. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafar, ta ce Madugu ya ce mata da wuya in dawo da ita.

Na gode wa Allah. Na gode wa tsofaffin nan biyu da ba zan sake gani ba, Allah ya kai wa Iya takardar 'yarta. Washegari da na idar da sallar asuba na jingine sandar Baba a bakin rumbu, muka tafi gona. Na miƙa wa Kande sungumi na ce yau ita ce a gaba. Na ɗauki ƙwaryar iri na bi ta, ina zubawa, ina takewa da diddigen dama.