Jifan da Kawu Bai Yi Ba

Har yau warin man zafi ɓata min rai yake yi. Ɗazu na buɗe kwalba zan shafa wa maigidana a gwiwa, sai ga ni a saman benenmu na unguwar Sharafiyya a Jidda, ina 'yar firamare, Kaka na tsoma tawul a ruwan zafi tana gasa wa Kawu kafaɗa.

Kawu ƙanin Inna ne, autan Kaka. Tuƙi ya je yi a gidajen Turawa na unguwar Abhur, a can suka gano hannunsa. Besbol suke ce wa wasan: ɗaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya make ta da kulki. Kawu ne mai jifan. Ƙungiyoyin na kamfanoni ne, don haka a iƙama, takardar zama a ƙasar, direba ne, amma hannun aka ɗauka aiki. Wannan kamfani ya more shi shekara biyu ya saki, wancan ya karɓa. Yanbu, Dammam, ya dawo Jidda, ya sake tafiya. Kowace dawowa da sabuwar hula da sabon kafili, wato ubangidan da iƙamarsa ke hannunsa. Mu yara hular kawai muke gani.

Duk shekara idan alhazai suka cika unguwar Bab Makka, Kaka sai ta tayar da maganar. Mutane na sayar da gona su taho daga Damagaram, shi ga Makka a bakin ƙofa, bai sauke farali ba. Sai ya yi dariya, wai ranar da ya je jifa ko daga nesa ba zai kuskure ba, a bari sai baɗi. Baɗin ta zo, an hana shi hutu. Ta sake zuwa, yana tsoron a ba wani gurbinsa. Ciwon ma ɓoye shi yake, su kuma masu kamfanin sun sani sarai, allura suke sa a yi masa ya koma fili. Wallahi ko jaki ana sauke masa kaya idan ya fara ɗingishi.

"Hannun nan amana ne," in ji Kaka. "Ba naka ba ne, balle nasu."

Ranar da kafaɗar ta ƙi ɗaguwa, halas kawai aka ce masa, wato shi ke nan, aka haɗa shi da kyautar wani kofin gwangwani. Kaka ta rasu ba ta gan shi da harami ba.

Sai bara muka tafi aikin hajji tare. Da kansa ya tsinci tsakuwarsa, yana juya kowace a yatsu kamar yadda yake yi wa ƙwallo. A Mina ya ɗaga dama, ta tsaya iya ƙirji. Ya gwada hagu, tsakuwar ta faɗi a ƙafar wani alhaji. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juye min sauran a tafin hannu.

"Yalla, ɗiyata, jefa min."

An koya mana da kabbara ake jifa, ba da fushi ba. Na yi kabbarar, amma Allah Ya san fuskokin masu kamfanonin nan nake gani, har yanzu istigfari nake yi.

Filin na Abhur ya zama gidaje, 'ya'yana ba su ma san wasan ba. Kawu yana ɗakinmu na ƙasa. Idan zai tayar da sallah, hagu ce take tallafo dama.