Ranar da Ordinateri ya Sa Nomau Kiran Sunan Ɗan Hwari

Ku da kunka san Nomau na Tabotaki, kun san ba a wuce ƙohwar gidanai da gaggawa. In ya kama hannunka, sai ya tambayi lahiyarka, da ta iyali, da ta jakinka, da ta surukarka wadda kai kanka ba ka leƙa ba tun salla. Masu zuwa kasuwar Buza har wata hanya sunka hudo ta bayan masallaci, don kada rana ta take suna hannunai. Ni Arzika, da munka yi lakwal, makarantar boko, tare har aji ukku kahin a gane ba mu da rabo, tun muna yara nike shan wagga gaisuwa.

Mutum guda tak ne ba ya gaisawa da shi: ɗanai na hwari, Asumana. Sun ɓata kan garkar albasa da yaron yas saida ba shawara, yat tahi Abijan, shekara tara ba waya ba saƙo. Da ma Nomau, kamar kowane dattijon kirki, ba ya kiran sunan ɗan hwari. Daga sannan ko "wancan yaro" ya bar cewa. Mun san abin na cin shi, amma ba mai iya taɓa zancen.

Sai ƙungiyar 'yan garinmu da ke cirani ta buɗe shahi a intanet, inda mutum ke rubuta sunanai ya zama mamba. Madam Rakiya, mai koyarwa a Buza, ita ke riƙe da shi. Tac ce duk wanda ya shiga, ordinateri, wato kwamfuta, zai aika mashi wasiƙar maraba da kanshi, in ya biya kuɗin ƙungiya ya aika mashi resi, takardar shaidar biya. Tunda Nomau ne shugaban dattawa, sunanai za a sa ƙasa. Munka tahi Buza a karanta muna.

Madam ta karanta: "An rubuta ka. Mun gode."

Nomau yaj jira. "Sai mi?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ɗiyata, wagga maraba ce ko sammacin jandarma? Sunana ba ya zama ƙarƙashin wagga rowa."

Kwana ukku muna zuwa, shina hwaɗi tana bugawa. Ta nuna mashi gurbin da anka bari, inda ordinateri ke saka sunan mutum da garinsu. Bai yarda ba sai da anka gwada da ni. Wallahi kahin in gyara zama wasiƙa ta iso: "Sannu da zuwa, Arzika na Tabotaki. Ina gajiya? Ina waɗanda ka baro?" Nomau yad dubi abin ya daɗe, yac ce, "Ba baki ba hannu, amma ya hi ka ladabi, Arzika."

Resi ma bai tsira ba. Yac ce addu'a gaba, lissahi baya, don ba a ƙirga goron mutum kahin a sa mashi albarka. Kuma duk sa'ad da lokaci ya sake, sai an sake wasiƙa. Ruwan hwari na sauka, wanshekare Nomau na kan moto zuwa Buza da laka har gwiwa: "Madam, cire 'ina zahi', sa 'ina ruwa'." Tac ce, "Baba, wanda ke Abijan kullum cikin ruwa yake." Yac ce, "Ba nasu nike tambaya ba. Ina gaya mashi namu ya zo."

Akwai layi guda da sunka yi gardama kanshi. Yac ce a rubuta: "In ka yi hushi da gida, gida bai yi hushi da kai ba." Madam tac ce wasiƙar wurin kowa za ta je, har wanda ba ya hushi da kowa. Yac ce, "Ba ɗan cirani da ba ya da ɗan hushi cikin jaka. Buga." Nid dube shi. Yad dubi rufin ɗaki.

Ran wata Laraba Madam ta zo har Tabotaki, ta iske mu gindin iccen bedi. Tac ce Asumana ya shiga ƙungiya, wasiƙa ta tahi.

"Da mi anka kira shi?" in ji Nomau.

"Da sunanai, Baba. Kamar kowa."

"Ni kuma sunana na ƙasa?"

"Yana ƙasa."

Yac cire hula yad dahe kai. "Shekara arba'in ina riƙon bakina, ƙarhe ya zo ya sa ni rashin kunya a rubuce. Maido ta."

"Ba ta maiduwa, Baba."

Nic ce, "Kai kac ce ya hi ni ladabi." Bai ko kula ni ba.

Ba a yi la'asar ba wayar Nomau ta yi ƙara. Kunnenai ya yi nauyi, don haka a buɗe yake sa ta, duk muna ji.

"Baba, ni ne. Kai ka rubuta wagga takarda?"

"Ordinateri ne."

"Sunanka na gani ƙasa."

"Kowa anka aika ma."

Sai yaron yac ce, "To, Baba, layin nan na hushi, gaskiya ne ko shi ma ordinateri ne?"

Nomau yag gyara zama. Can yac ce, "Ordinateri bai san hushi ba. Ina gajiya? Ina ɗiyan?"

Asumana ya zo gida lokacin kaka, ya iske Nomau kwance ba lahiya. Shi ya yi jinyar uban watanni biyu, a kan ƙahwahunai Nomau ya cika. Har ya cika bai kira sunan da baki ba, kuma ba wanda ya ji yaron ya nema.

Allah, ga Nomau nan ya iso wurinka. Ka gahwarta mashi taurin kai, ka yalwata kabarinai, ka sa a tarbe shi da sakin huska. Amin.