Goga Ashirin da Kilinar Fensir

Idan ka tambayi tsofaffin ma'aikatan kamfanin gilashi na Saalbrück wace ce Roswitha Brandau, sai sun tsaya sosa ƙeya. Amma ka ce Kunkuru, nan take za su ce, "Af, ta tukunya ta huɗu!"

Tukunya suke ce wa injin, wani ƙaton tulun ƙarfe da ake zuƙe wa iska tas. A ciki ake jera gilasan madubin hangen nesa, a narka sinadarai su tashi kamar tururi su lulluɓe su hawa-hawa, don gilashi ya daina walƙiya ya bar haske ya wuce. Sai dai wannan rufi ba shi da ƙwari, farce ma ya ishe shi. Shi ya sa ake ɗora na ƙarshe, na narkakken farin yashi tsantsa, mai tauri, wanda ido ba ya gani. Sulke suke ce masa. Shi ne aikin Roswitha tun tana 'yar shekara sha tara.

Sulke ba ya kama gilashi sai an gasa shi awa uku cur. Wasu kan yi biyu su ce Allah ya sa a dace. Ita kuwa ko minti ɗaya ba ta ragewa. In an buɗe tukunya, sai ta zari gilashi guda, ta ciro kilinar fensir daga aljihun farar rigarta, ta goga sau ashirin da ƙarfinta, ta ɗaga saitin taga. In babu ko ɗigon tabo, sannan ta buga hatiminta mai lamba 47 a kan akwati.

Saboda ita, rukuninsu kullum shi ne kurar baya a allon gasar aiki.

"Rosi, don Allah ki ji tausayinmu," in ji Edeltraud ta tukunya ta uku, bakinta cike da burodi. "Wannan sulken naki wa yake ganinsa?"

"Ba don gani ake yinsa ba. Ranar da babu shi ake sanin da shi."

"To sannu, uwar 'yan gaskiya. A gaida kunkuru."

Shekara talatin tana haka. Gilasanta sun tafi wurin matuƙa jirgin ruwa da maharba da makiyaya a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, kuma ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba.

A gida kuwa abin ba daɗi. Hawa na huɗu suke a wani tsohon gini mai danshi, bayi ɗaya a kan bene na iyali uku, murhun gawayi yana tuƙuƙi. Mijinta Dietmar huhunsa ya taɓu, tari yake har ya durƙusa. Shekara tara sunansu yana layin masu jiran sabon gida mai ɗumi na bututu, kuma kamfani ne ke rabawa, da sa hannun shugaban sashe, Gottfried Zeuner.

A kakar 1989, ana shirin bikin cikar Jamus ta Gabas shekara arba'in, aka ce lallai sashensu ya cika gilashi dubu huɗu kafin Juma'a. Zeuner ya zo ya tsaya a bayanta yana murza hannu.

"Kwamared Brandau, sau ɗaya tak. Ki tsallake sulken a akwatunan ƙarshe. Ba mu da lokaci, Juma'a ta ƙarato."

"Gottfried, ka san abin da kake cewa kuwa?"

"Na sani mana. Yaya tarin Dietmar? Jiya na ga takardar gidanku a kan teburina."

Ɗan banza, ko ɗaga murya bai yi ba! Ranar nan Roswitha ta tsallake sulken, ta buga 47 a kan akwati shida ba tare da ta ciro kilina ba. Ta san abin da za ta gani. Da ta koma gida ko loma ɗaya ta kasa ci saboda kunya da baƙin ciki.

Suka sami gidan. Bayan wata guda katangar Berlin ta faɗi, waɗanda suka yi odar gilasan suka watse, akwatunan nan shida ba su je ko'ina ba. Dietmar ya yi lokacin sanyi ɗaya cikin ɗumi, bazara na shigowa ya rasu.

Shekara na zagayowa sababbin masu kamfani suka zo daga Jamus ta Yamma. Mutum ɗari tara ne a wurin, ɗari biyu za a riƙe. Aka turo wani injiniya, Hellwig, mai fara'a da tsadaddun takalma, ya ce shi ba ruwansa da surutu, aikin kowa ne zai yi magana. A ɗauko daga sito, a gwada, a duba hatimi. Da Roswitha ta ji, har ta yi murmushi. Sai kuma ta tuna. Duk abin kirki da ta taɓa yi an sayar, ya bar kamfani tuntuni. Abu ɗaya ne ya rage a sito da lambarta.

A gaban kowa Hellwig ya buɗe ɗaya daga cikin akwatunan nan shida. Ya goga sau ɗaya, biyu, uku. A na huɗu rufin ya kwaɓe ya bar tabo kamar an lashi miya a faranti.

"Uwargida Brandau, hatiminki ne wannan?"

"Nawa ne."

Ta waiwaya ta dubi Zeuner. Yana tsaye da sabuwar kwat, ya zuba wa agogonsa ido sai ka ce yau ya fara ganinsa. Edeltraud ta sunkuyar da kai. Ita da ke gasa awa biyu, nata ya jure goga goma sha biyu, an ce ya wadatar.

"Yallaɓai," in ji Roswitha, "ka nemi na kowace shekara. Akwai a hannun mutane a garin nan. Ka ba ni kwana uku in kawo maka."

"Na so haka, wallahi," ya ce yana rufe akwatin. "Amma ba mu da lokaci. Dole in miƙa sunaye kafin Juma'a."

Zeuner ya yi ritaya da cikakken fansho da kwandon furanni. Roswitha kuwa aka sallame ta. Tana nan a gidan, hawa na biyu, ɗumi har ya yi yawa ga mutum ɗaya. Ran Asabar takan zaga kasuwar 'yan gwanjo. In ta ga tsohon madubin kamfaninsu, sai ta ɗauka, ta ciro kilina daga jaka.

"Kai, Iya, za ki ɓata mini kaya!" in ji wani mai tebur kwanan baya.

Ba ta kula shi ba sai da ta cika ashirin. Ta ɗaga gilashin saitin rana, fes, babu ko ɗigo.

"Wannan aikin mutanen da ne," ya ce. "Ko wa ya yi shi, oho."

Ta ajiye masa kayansa ta wuce.